Tabaraun Malam Abdulbaƙi da Littafin Inna

Idan ka biyo ta Jakara kamar za ka faɗa Kurmi, hancinka ne zai riga ƙafarka isa zauren Malam Abdulbaƙi. Warin jima ne da na gam, an ɗan yayyafa musu turare don a rufa wa baƙi asiri. A nan yake zaune tun kafin a haifi yawancinmu, a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a naɗe, yana yi wa littattafai bangon fata, yana ɗinka gafakar da ake rataya Alƙur'ani a ciki. Baduku ne ɗan baduku, amma kada ka kuskura ka kai masa takalmi. Wani baƙon unguwa ya taɓa miƙa masa silifa da ya tsinke, Malam ya leƙo shi ta saman tabarau ya ce, "Hannun da ke taɓa Alƙur'ani za ka haɗa da tafin ƙafarka?" A hannu mutumin ya koma da silifansa, har yau kuma ta ɗaya lungun yake bi.

Tabaraun nan shi ma ɗan unguwa ne, kowa ya san shi. Kaurinsa kamar gindin kofin gilashi, ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni, Malam ya maye ta da igiyar fata da ke zagaye ƙeya. Da shi a fuska, yana zira zare a allura ba kuskure. In ya cire shi kuwa, duniya ta zama kunu. An ce ya taɓa yi wa buhun gawayi sallama a ƙofar gida, har ya tambaye shi iyali. Shi dai ya ce sharrin matarsa 'Yardada ne, ita kuma ta rantse buhun bai amsa ba.

Malam bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Kalandar da aka ba shi kyauta juya ta ya yi ta kalli bango, ya ce ai kwanan wata a ka yake. Katin zaɓensa ma a kife yake ajiye shi. To balle a ce zanen annabawa, wannan ko a hira aka ambata sai ya yi a'uziyya.

Sai kuma mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Uwani sunanta, ungozoma ce, rabin 'yan layinmu a hannunta muka yi kukan farko. Mu muna iya faɗin sunan, shi kam bakinsa bai taɓa furtawa ba. Inna yake cewa, kuma Inna ba ta taɓa faɗar magana sau biyu ba.

Fatar da Malam ke aiki da ita, wani mutum ne ke kawo masa daga wani ƙauye can bayan Sumaila. Istifanus sunansa, Bahaushe ne gaba da baya, Kirista ne kuma tun daga kan ubansa. In za a faɗi gaskiya, rabin Alƙur'anan Jakara rigar awakin Istifanus suke sanye da ita. Wata rana ya zo da matarsa da tsohon ciki, wai in ya sauke fata za su wuce asibiti. Ashe abin cikin ba shi da niyyar ganin likita. A zauren nan naƙuda ta kama, Inna ta fito ta kori maza kamar kaji, ta ja matar ciki, kafin la'asar aka ji kukan 'ya mace. Ran suna Istifanus ya ce ba wani suna sai na wadda ta karɓe ta. Uwani.

Yarinyar tana fara tafiya Inna ta rasu. Tun daga nan sunan ya koma kan 'yar ƙarama gaba ɗaya, da nauyinsa da ikonsa. Malam da furfurarsa yake ce mata Inna, ita kuma ta ce masa ɗana. Yarinya ce mai wayo, tun ba ta iya ɗaura zane ba ta gane irin sarautar da ta gada. Ita kaɗai ce ke hawa buzun Malam ba a ce tashi ba.

Ana saura 'yan makonni bikinsu na Ista, cikin zafin nan da ke narkar da gam a gwangwani, ta rako ubanta kawo fata. Ta haye buzu, ta tanƙwashe ƙafa.

"Ɗana."

"Na'am, Inna."

"Me za ka saya mini na Ista?"

"Duk abin da Inna ta ce."

Shi a ransa alawa ce, ko ta yi tsanani takalmi mai ƙyalli.

"Baibul nake so. Mai hoto. Lami ta cocinmu tana da shi, ba ta bari a taɓa. Nawa ya fi nata."

Istifanus ya shaƙe da ruwan da yake sha. "Ke Uwani! Malam, rabu da ita, shirmen yara ne."

Amma magana zarar bunu ce. Malam ya ce, "Inna ta faɗa, an gama."

Da yarinyar ta shige cikin gida, Istifanus ya matso ya rage murya. "Bari ni na saya, in ce mata daga gare ka ne."

"In haɗa baki da kai mu yi wa uwata ƙarya? Kuma kai me ka sani a littafi? Kai dai akuya ka sani."

Da 'Yardada ta ji labari, sai da ta ajiye muciya ta yi dariya mai isarta. "To Malam, a wane layin Kurmi ake sayarwa?"

"Sabon Gari za ni."

"Mai hoto fa ta ce. Da idon wa za ka zaɓa?"

Abin da ya hana Malam sakat ke nan. Alkawari ya riga ya fita, ga Inna kuma. Amma ya ƙudurta ko sama da ƙasa za su haɗu, idonsa ba zai sauka a kan zanen wani annabi ba.

Ya zaɓi ranar da ba cinkoso, ya yi alwala, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya hau adaidaita. A Sabon Gari aka yi ta nuna masa hanya har ya iso wani shagon littattafan coci. Mai shagon wata mace ce mai jiki, Rifkatu, Hausa a bakinta kamar ta Jakara in ban da ɗan lanƙwasar mutanen Jos. Ta dubi rawani, ta dubi carbi.

"Baba, masu gyaran waya suna gaba kaɗan."

"Nan na zo. Littafinku nake so, irin na yara."

"Na jikanka ne?"

"Na mahaifiyata ne."

Rifkatu ta dubi furfurarsa. "Shekarunta nawa, Baba?"

"Shida. Ta shiga ta bakwai."

Ta jawo masa kujera da sauri, ta ce wa zuciyarta zafin rana ne ya taɓa tsoho. Sai da ya warware mata zancen daga naƙuda har suna, sannan ta dafa ƙirji ta ce, "Ayya! To Baba, yau sai mun zaɓar wa Mama wanda ya fi na Lami."

"Sai da alwala ake taɓawa?"

"Ba dole ba ne."

"Ni dai na yi tawa."

Ta ɗauko na farko, siriri, launi ko'ina. Malam ya hango wani mai gemu da sanda a bango, kafin ƙiftawar ido ya fizge tabarau ya jefa a aljihu. Nan take mai gemu ya narke ya zama ja da shuɗi.

"Wane ne wancan?"

"Musa ne."

"Alaihis salam! Kun gan shi ne da kuka zana?"

"Baba, don yara su gane ne."

"To ke ki gani, ki riƙa faɗa mini."

Haka aka yi. Rifkatu na buɗewa tana faɗa, Malam na zaune ido a sama kamar mai jiran a ɗiga masa magani. Nan Nuhu ne da jirgi. Alaihis salam. Nan Ibrahim. Alaihis salam. Nan Yusufu da 'yan'uwansa. Alaihis salam, su kuma Allah ya shirya. Dauda, Sulemanu, Iliya, Yunusa, har numfashinsa ya fara yankewa. Wani dattijo da ya shigo sayen littafin waƙoƙi ya tsaya, ya ga abin ya yi tsari, shi ma ya shiga bin bayan Malam da "Amin".

Da aka kai ƙarshe Malam ya karɓi littafin ya auna a tafin hannu. Fuskarsa ta canza.

"Wannan izu nawa ne?"

"Mu ba ma lissafi da izu, Baba."

"Ina nufin cikakke ne? An sauke?"

"Labarai ne aka tsinto masu daɗi. An cire su wane ya haifi wane, da dokoki, da yaƙe-yaƙe. Yara ba za su gane ba."

"Wato an tsame tsoka an zubar da ƙashi da romo. Mu yaro daga ƙananan surori yake farawa, amma ba a yage masa sauran a ɓoye. Yau ba ta gane ba, gobe fa? Kuma uwa ba a ba ta guntu. Kawo cikakke."

Ta kawo cikakke na Hausa, baƙin bango, kauri kamar bulo. Malam ya ji nauyi ya gyaɗa kai. Ya shinshina gindinsa, ya kama bango ɗaya ya girgiza kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Baba, in ya yage ka saya fa."

"Gam ne, ba ɗinki. Amma za a gyara. Hotuna nawa a ciki?"

"Ko ɗaya. Sai taswira a baya."

"Taswira ba za ta kayar da Lami ba."

Akwai na uku, cikakke kuma mai hoto, sai dai da Turanci. Malam ya ce Turancin Inna bai wuce ta gaida malamar aji ba, shi kuma ba zai ba uwarsa littafin da sai ta nemi tafinta ba. Rifkatu ta juye shago, ta kira wani shagon a waya, ta dawo ta zauna tana fifita da kwali. Mai hoto ba cikakke ba, cikakke ba hoto, mai duka biyun ba ya jin Hausa.

Sai Malam ya ɗauki siririn a hannun dama, mai kaurin a hagu, ya haɗa su ya shafa gefe da gefe. Tsayinsu kusan ɗaya.

"Ba ni duka biyun. Zan farke su in ɗinke su wuri guda."

"Ka farke Littafi Mai Tsarki?"

"'Yar nan, tun kafin a haife ki nake farke littattafai masu tsarki ina mayarwa. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Sai ta ɗauko reza. Da hannunta ta yanke shafukan hotuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta nemi inda labarinsa yake a cikin babban ta cusa shi. Ta ɗaure da roba ta ce, "Baba, kowa yana gidansa. Kada ka bari su yi ƙaura." Ya naɗe a ƙyalle mai tsabta. A cikin adaidaita ma bai yarda ya ɗora a cinya ba, a ƙirji ya rungume, tunda littafin da ke ɗauke da sunayen annabawa ba kayan miya ba ne.

Mu da ke wucewa ta ƙofar zaure a makon nan mun ga abin da ba mu taɓa gani ba: Malam Abdulbaƙi na aiki ba tabarau. Ya zaɓi jar fata mafi laushi a cikin na Istifanus. Ya warware littafin, ya riƙa zaro kowane hoto da lalube, ya manna masa ƙyalle a gindi don ya karɓi zare, ya mayar inda ya zaro. Sau nawa allura ta sha jininsa, Allah kaɗai ya sani. 'Yardada ta ce ya bari ta riƙa duba masa.

"Abin da na hana idona ba zan ɗora wa naki ba."

"To, Allah ya ba da lada," in ji ta, da wata irin murya.

Hannu ya san aikinsa, ba ya bukatar ido. Matsalar ita ce hannun abin da ya saba kaɗai ya sani. Ya ɗinke tsaf, ya ja fata, ya buga ado a fuskar littafi, ya ɗinka masa gafaka da maratayi daidai kafaɗar 'yar shekara shida. In ka gan shi a rufe, ko a gidan wane malami sai a ba shi saman kantar littattafai.

Ana saura mako guda Ista suka zo. Uwani ta haye buzu, Malam ya miƙa da hannu biyu, sannan ya zare tabarau ya riƙe. Ta zaro littafi daga gafaka, ta shafa adon, ta buɗe ta inda adon yake. Istifanus ya leƙa, ya yi gyaran murya.

"Kai, Malam, aiki ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau."

"Ɗana," in ji Uwani, "me ya sa littafin ya fara daga tashin duniya?"

Ashe ta dama Malam ya sa fuskar, yadda yake yi wa kowane littafin Larabci tun yana yaro. Na boko kuwa ta hagu ake shiga. Wanda ya bi ƙofar da Malam ya yi wa ado, a shafin ƙarshe zai tsinci kansa, an riga an yi hisabi.

"Ba komai," in ji Istifanus da sauri, "sai a riƙa shiga ta bayan gida."

Yarinya ta juya littafin ta shiga ta baya. Ta buɗa, ta buɗa, ta tsaya.

"Jirgin Nuhu ya kife."

"Alaihis salam. Inna, jirginsa bai kife ba. Namu da naku duk sun haɗu a kan wannan."

"A nan ya kife. Sa tabarau ka gani."

Gumi ya keto wa Malam daga ƙarƙashin hula. Tun da yake bai taɓa jin umarni daga wannan suna ya tsaya shawara ba, ga shi yau tabarau na hannunsa ya kasa kai shi fuska.

"Ke Uwani," in ji ubanta a hankali, "a addininsu ba a kallon zanen annabawa. Shi ya sa ya cire. Haka ya ɗinka miki, bai gani ba."

Ta dubi Malam, ta dubi yatsunsa da allura ta yi wa zane. Ta koma kan hoton, ta karkata kai tana nazari. Sai ta danna babban yatsanta a wani wuri.

"Na rufe shi. Saura giwa da su zaki. Su ma annabawa ne?"

"A'a, Inna."

"To sa."

"Ta rufe, Malam," muryar 'Yardada ta fito daga bayan labule. "Har gemun. Dama shi kaɗai ne mutum a wannan shafin, iyalansa suna na gaba."

Malam ya juya wajen labule. "Ke yaya aka yi kika sani?"

Labule ya motsa, aka ji takunta ta koma cikin gida.

Ya ɗaura tabarau. Ga jirgi gindi a sama, ruwa na zuba daga ƙasa yana hawa, giwa ta miƙe ƙafafu huɗu kamar an kwantar da ita za a yanka. Ya yi salati. Aikin da ya fi kowanne ba shi wuya a rayuwa, shi ne ya fito kamar na ɗan koyo. Ya kamata ya kawar da kai daga nan, amma sai aka ga ya ƙara matsowa.

"Wannan mai dogon wuyan fa?"

"Raƙumin dawa."

"Ikon Allah. Istifanus, dubi fata. Ka taɓa kawo mini irin wannan?"

Ba a tsaya dogon zance ba, ya ɗauko wuƙa ya yanke zaren da ya sha wuyar ɗinkawa. Dama ana hutun makaranta, sai Istifanus ya bar yarinyar wajen 'Yardada ya koma ƙauye. Kwanakin nan duk wanda ya wuce zai gan su a buzu ɗaya: tsoho da tabarau yana ɗinki, yarinya a gefe ita ce mai tsaron ƙofa. Ita ke fara buɗe shafi shi yana kallon rufi, ta rufe wanda ya kamata, ta ce, "Shigo." Inda annabi ɗaya ne, yatsa ya isa. Inda suka yi yawa sai tafin hannu biyu, wani wurin har da murfin gwangwanin gam. Wani lokaci don tsokana ta ce za ta ɗaga yatsa ta sosa hanci, Malam ya runtse ido yana "Inna, don Allah!" Hotuna fiye da rabi a kife suke. Aka miƙar da su, aka mayar da fuskar littafi hagu, hannun Malam na yi yana gardama.

Ana gab da gamawa ta buɗe wani shafi, ba ta sa yatsa ba ta ce, "Shigo."

"Kin rufe?"

"Ba kowa."

Ya sauko da ido a tsorace. Teku ne, da wani ƙaton kifi, cikinsa a sama, bayansa a ƙasa.

"Ina annabin?"

"Yunusa ne. Yana ciki."

"Alaihis salam." Malam ya daɗe yana kallon kifin, hankali kwance. "Wannan mai zanen ya san ladabi. Kawo a juya shi."

Ta dafe shafin. "Bar shi haka."

"Inna, a kife yake. Mutane za su ce ɗanki bai iya aiki ba."

"Wanda ke cikin kifi, ina ya san sama da ƙasa? Kuma na Lami ba shi da irinsa."

Malam ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi yadda ta ɗaga haɓa ta tsuke baki, ya ga ya san wannan fuskar tun yana yawo ba wando. Ya lashi zare, ya zira a allura, ya ɗinke kifin yadda yake.